Fuskar da Ta Ɓace a Kwamfutar Mai Hoto

Ranar Juma'a da safe Mai Hoto ya buɗe shagonsa, ya kunna kwamfuta, ya soma gaida mutanensa kamar yadda ya saba, sai ya tarar fuska ɗaya ba ta nan.

Shekara arba'in ya yi yana ɗaukar mutanen unguwar hoto. Da rufin shagon ya fara yoyo, danshi ya soma cin tsofaffin fim ɗinsa, sai ya zauna shekara uku cur yana kwashe su cikin kwamfuta, kowane gida da foldarsa, wato 'yar jakar da ake zuba hotunan a ciki. Idonsa ya yi rauni, ƙananan rubutu sun fi ƙarfinsa, saboda haka bai wahalar da kansa da sunaye ba. Lamba kawai yake ba folda, sannan ya cire mata rigar nan mai ruwan ɗorawa da kowace folda ke zuwa da ita, ya ɗora mata fuskar mutum ɗaya daga gidan. Idan ka tsaya a bayansa ba jakunkuna za ka gani ba, mutane za ka gani jere, suna kallonka.

Fuskar da ta ɓace ta Tela ce, maƙwabcinsa na jikin bango, kuma tare da ita hotunan gidansu kaf suka tafi. Fim ɗin asali kuwa tuni danshi ya gama da su.

Abin da ya sa maganar ta yi zafi shi ne Baƙuwa. Ma'aikaciyar jinya ce daga nesa, ta sauka ranar Laraba da hutun kwana uku, ta ce ita 'yar marigayi Bakanike ce, yayan Tela. An saki uwarta tana goye da ita, aka tafi da ita, har uwar ta rasu ba ta taɓa nuna mata fuskar ubanta ba. Ba gado ta zo nema ba, ba gida ba. Hotonsa take so ta gani sau ɗaya. Ranar da ta zo kwamfutar ta ƙi tashi, ranar Alhamis Mai Gyara ya gyara ta, aka ce ta dawo Juma'a da safe. Motarta kuma gobe Asabar za ta tashi.

Kafin hantsi ƙofar shagon ta cika, kuma an riga an yanke hukunci. Mai Gyara ne. Wata shida kacal da zuwansa unguwar, ba a san danginsa ba, ga shi kullum da ƙaramin sukurudireba a bayan kunne, me kuma ake jira? Tela ya fi kowa ɗaga murya, tef ɗin awo na lilo a wuyansa.

"Hotunan uwata ne a ciki! Ko ya fito da su ko ya bar layin nan!"

Mai Hoto ya aika a kira masa Mai Sawu.

*

Mai Sawu ya yi suna ne da bin sawun dabbobin da aka sace. Yakan dubi ƙasa ya ce maka saniyar tana ɗingishi, ɓarawon kuma takalminsa na aro ne. Amma tsufa ya zaunar da shi, kuma a rayuwarsa bai taɓa taɓa kwamfuta ba, ko wayarsa ma matarsa ke amsa masa. Da aka hango shi yana tahowa da sandarsa, sai aka fara ƙus-ƙus.

"Baba, sawun me za ka bi a cikin gilashi?" in ji wani mai kanti, aka yi dariya.

"Naka zan fara bi, in ga inda kake kai sikelinka gyara," in ji Mai Sawu, ya wuce ciki abinsa.

Ya dubi daɓen siminti, an share shi tas. Ya dubi kwaɗon ƙofa, ba a taɓa shi da ƙarfi ba. Sannan ya ɗaga kai ya dubi gilashin, sai ya tsaya cak.

Bai taɓa ganin abu irin wannan ba. Ga mahauci, ga ungozoma, ga direban tanka da haƙorinsa na gwal, ga tsohuwar da ke sayar da zare, kowa cikin ɗan murabba'insa kamar mai leƙowa ta taga. Mai Hoto ya murza ɗan abin da ke kan tebur, wanda suke kira linzami, sai wasu fuskokin suka hau sama wasu suka fito daga ƙasa, ba iyaka. Tsigar jikin Mai Sawu ta tashi. Ya ji kamar an tara unguwar gaba ɗaya an ce kowa ya yi shiru. Bai san sanda ya cire hularsa ya mayar ba.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. "Kai kaɗai ka yi wannan?"

"Ni kaɗai. Ba wuya. Ka danna folda ta hannun dama, ka shiga inda ake sauya mata kama, ka nuna mata hoton da kake so daga cikinta, shi ke nan ta sa shi."

Fuskokin suka ci gaba da wucewa, sai ga wani tsoho mai kunnuwa kamar faranti yana harararsa. Mai Sawu ya matsa kusa.

"Wannan mummunan fa?"

"Kai ne, mutumina."

"Gidanmu ke nan? To ina Yaya? Ai ya fi ni kyan gani."

"Shi ne a wurin har bara," in ji Mai Hoto. "Da ya rasu na sauke shi na sa ka. Babban da ya rage da rai a gida, shi nake ɗorawa. Ranar da aka yi rasuwa, in an dawo daga maƙabarta, nakan zo in sauya. Ba na gaya wa kowa, kar mutane su riƙa zuwa suna duba layinsu."

Mai Sawu ya daɗe yana kallon fuskarsa. Wani sanyi ya ratsa shi, na tsoro da girmamawa a haɗe. Ya ajiye maganar a ransa, ya ce a turo masa mutane ɗaya bayan ɗaya.

*

Mai Gyara ya shigo yana gumi, sukurudireban ma ya cire shi daga kunne.

"Baba, wallahi fanka na sauya mata, na hure ƙura, na tafi kafin azahar. Yau da aka kira ni na duba kwandon shararta, inda abin da aka goge ke faɗawa, babu komai. Na nemi lamba tamanin da takwas, ta gidan Tela, babu. Duk wanda ya yi, ya goge ya share kwandon."

"Kai ka ga an goge, ko ba ka gan ta ba ne?"

"Ban gan ta ba."

"To ka riƙa faɗin abin da ka gani."

Na biyu ɗan Mai Hoto ne, magidanci mai 'ya'ya uku, wanda kowa ya san burinsa a kwashe hotunan nan a cika shagon da wayoyi. Yana da makulli, kuma an ji shi da bakinsa yana cewa kwamfutar nan gara ta mutu a huta. Mai Sawu ya ji zuciyarsa ta karkata gare shi.

"Jiya bayan azahar kana ina?"

"Asibitin ido, Baba. Ni na kai mahaifina, ni na riƙe masa hannu, sai la'asar muka fito. Tambaye shi. Kuma in da ni ne, ai ba ɗaya zan goge ba."

Wannan gaskiya ce mai ɗaci, Mai Sawu ya sallame shi.

Da Baƙuwa ta shigo, ya dubi ƙafafunta kafin ya dubi fuskarta, halin sana'a. Ta durƙusa ta gaishe shi. Doguwa ce, mai faɗin goshi, idanunta sun yi ja amma ba ta kuka.

"Wa kika fara gani da kika sauka?"

"Baffana, Tela. Ya karɓe ni a tsaye. Ya ce babu hoto ko ɗaya, ya ce wuta ta ƙone wa yayansa fuska a gareji ba da daɗewa da tafiyarmu ba, daga nan bai ƙara yarda an ɗauke shi ba. Wata mata ce ta bi ni a hanya ta ce in gwada Mai Hoto. Baba, na san abin da aka ce a kan mahaifiyata. An ce ni ba 'yarsa ba ce. Ban zo faɗa da kowa ba. Ina so in san kamar wa nake, shi ke nan."

Mai Sawu ya tuna maganar. Shekara talatin ke nan, ta bi unguwar kamar wutar kara, ba a san bakin da ya kunna ta ba. Ya ji kunya ta kama shi, don shi ma a lokacin ya ji, ya yi shiru.

Tela ne na ƙarshe, kuma bai jira tambaya ba. Eh, yana da makullin shagon, shekara ashirin yana ajiye shi saboda ko ta kwana. Eh, yakan zauna nan da rana in ɗinki ya yi sauƙi. Amma wane mahaukaci ne zai sace hotunan gidansu? Uwarsa hoto uku ta taɓa yi a duniya, duka suna ciki. Da ya ambaci uwar muryarsa ta karye, kuma Mai Sawu ya san karyewar gaske ce, ba ta wasa ba.

*

Bayan an sauko daga masallaci ya koma shagon, su biyu kawai da Mai Hoto. Sawu ya ƙare masa. Ya zauna yana kallon fuskokin, yana tunanin abin da yakan fara yi in an kira shi garke. Ba ƙasa yake fara dubawa ba. Ƙirga yake fara yi.

"Gida nawa ka zuba a nan?"

"Ɗari shida da goma sha biyu."

"Ka tabbata?"

"Kamar yadda na san yatsuna."

"Ita na'urar ta iya ƙirga?"

Mai Hoto ya ce akwai wani ɗan rubutu a can ƙasa, shi dai ba ya ganinsa. Suka leƙa suka kira Mai Gyara, wanda ke zaune a bakin shagonsa kamar mai jiran hukunci. Ya sunkuya ya karanta, ya ƙara karantawa.

"Ɗari shida da goma sha biyu."

Mai Sawu ya buga sandarsa a ƙasa. "To ba abin da ya fita daga garken nan. Na sha ganin haka. Ɓarawon da ya kasa yin nisa da saniya, sai ya shafa mata toka ya tura ta cikin shanun maƙwabta. Murza mini, a hankali. Kar ka tsallake kowa."

Suka fara daga sama. Mai Sawu ya san unguwar da ƙafa, ya san wa ke raye wa ya riga mu, sai ya riƙa kiran kowace fuska yana ba ta shaida. Wannan na gan shi jiya. Wannan tana kwance amma tana nan. Wannan ya koma wurin 'yarsa, lafiyarsa ƙalau. Ɗari, ɗari biyu, ɗari huɗu. Mai Gyara ya daina jin tsoro ya koma mamaki, yana murzawa baki buɗe. Duk cikinsu babu mamaci ko ɗaya. Tsohon da ba ya iya karanta lamba bai taɓa kuskuren rasuwa ɗaya ba.

A can ƙarshe, bayan gidajen sababbin zuwa, inda Mai Hoto ba ya cika kaiwa, wata tsohuwa ta fito. Siririya, da ɗan murmushi a gefen baki, mayafi ya rufe rabin goshinta. Lambarta ɗari tara da ɗaya.

"Tsaya," in ji Mai Sawu.

Ya san ta. Da hannunsa ya ɗauki makararta, shekara ashirin da biyu da suka wuce. Ganinta a tsakiyar masu rai ya sa gabansa ya faɗi, kamar ta shigo ɗakin ne ta zauna.

"Kar ka buɗe tukuna. Je ka kira mini su duka."

*

Bayan la'asar shagon ya cika: Mai Hoto a kujerarsa, ɗansa a jikin ƙofa, Mai Gyara riƙe da linzami, Baƙuwa a kan benci, Tela a tsaye ya harɗe hannuwa. Sauran jama'a suka toshe taga.

"An ce an goge hotunan gidan Tela," in ji Mai Sawu. "Ba a goge ba. An sauya wa foldar lamba don ta gangara ƙasa, an sauya mata fuska don mai ita ya wuce ta bai gane ba. Wanda ya yi ya iya aikin sarai, ya sha zama yana kallo ana yi. Abu ɗaya ne bai sani ba. Ya ɗauka mutumin nan fuskar da ta yi masa kyau yake ɗorawa. Alhali ba ya ɗora mamaci. Gida ɗari shida da goma sha ɗaya, duk masu rai ne. Nuna musu ta ƙarshen."

Tsohuwar ta cika gilashin. Wata mata a taga ta yi salati.

"Yanzu ku taya ni tunani. Mai Gyara bai san matar nan ba, kuma in ɓarna yake so, dannawa ɗaya ta ishe shi. Ɗan gidan nan yana asibiti. Wane ne yake so hotunan nan su ɓace, amma hannunsa ya kasa goge su? Wane ne ya buɗe folda yana sauri, ya ga fuskarsa ba dama, ta yayansa ba dama, sai ya ɗauki wadda ransa ya fi so?" Ya juya, muryarsa ta yi ƙasa. "Tela, ka ce hotonta uku ne a duniya. Na yarda da kai. Shi ya sa ka kasa."

Tela bai musa ba. Hannuwansa suka sauka, ya zame ya zauna a daɓe, tef ɗin ya faɗi gefe.

"Kar ku buɗe," ya ce. "Don Allah kar ku buɗe a gaban mutane."

"A gaban mutane aka ɓata uwarta," in ji Mai Hoto. "Buɗe."

Mai Gyara ya danna. Hotuna suka zubo, ya nemo na Bakanike ya buɗe shi ya cika gilashin. Saurayi ne ɗan shekara ashirin da biyar, tsaye a jikin wata tsohuwar mota, sifana a hannu, tun kafin wuta ta taɓa shi. Unguwar ta manta da wannan fuskar, tabon kawai ta riƙe.

Baƙuwa ta miƙe ta matsa kusa, har hasken gilashin ya faɗo mata. Goshin ɗaya ne. Girar hagu da ta ɗan fi ta dama tsayi, ɗaya ce. Ramin haɓa, tsagar haƙoran gaba, har yadda ya karkatar da kai. Mutane suna duban gilashi suna dubanta. Mai Sawu, wanda ya yi shekara hamsin yana haɗa sawu da mai shi, bai taɓa ganin shaida mai ƙarfin wannan ba, har ya ji idonsa ya ciko.

Ta ɗaga hannu ta taɓa gilashin da yatsa biyu. "Baba," ta ce. Ba da kowa a ɗakin take ba.

"Ni na faɗa," in ji Tela daga ƙasa, kansa a sunkuye. "Ni na fara cewa ba tasa ba ce. Mun yi faɗa da uwarki a kan maganar banza, na ce sai na fitar da ita daga gidan. Ya mutu yana zaton gaskiya na gaya masa. Da kika tsaya a ƙofar shagona ranar Laraba, wallahi na ɗauka shi ne ya dawo."

Ba wanda ya zage shi, kuma da an zage shi da ya fi masa sauƙi. Mai kantin da ya yi wa Mai Sawu ba'a ya miƙo hannu ta taga ya dafa kafaɗar Mai Gyara, ya ce a yi haƙuri. Mai Gyara ya mayar da sukurudirebansa bayan kunne.

Baƙuwa ta juyo ta dubi baffan nata, ta daɗe. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta juya wurin Mai Sawu.

"Baba, da ba a samu hoton ba fa?"

"Da na gaya miki da bakina, 'yata. Tun da safe da kika shigo na ga ƙafarki ta hagu tana karkata ciki, kina cin dunduniyar takalmi ta waje. Shekara ashirin ina ganin sawun nan na ubanki a ƙofar gareji. Lokacin da aka yi maganar ba ki fara tafiya ba, shi ya sa ba ni da abin da zan nuna. Amma da na buɗe baki ko ba shaida, ban buɗe ba."

A nan ne ta yi kukan.

Mai Hoto ya bari ta gama. Sannan ya sa aka mayar wa foldar lambarta, ta hau ta koma mazauninta. Ɗansa ya tambaya ko a bar fuskar tsohuwar, tunda Tela bai cancanta ba.

"Ba cancanta nake dubawa ba, rai nake dubawa," in ji Mai Hoto. "Shi ne babba, shi za a sa. Ya riƙa ganin kansa a kai kullum." Ya lallaɓa ya jawo labulen bango, ya gyara kujerar ɗaukar hoto, ya share ta da hannun rigarsa. "Amma gidan nan akwai mutum ɗaya da bai shiga ba. Zo ki zauna."

Ta share fuska, ta zauna, ta tambaye shi ina za ta kalla.

"Ko'ina," in ji shi, yana ɗaga kyamara. "Bayan baffanki, ke ce babba a gidan. Ina so in ajiye wadda za a ɗora."